Minti 35 a ɗakin tiyata: mutuwar Elaine Bromiley da abin da asibiti ya aro daga matuƙa jirgin sama

Ranar 29 ga Maris, 2005, da sassafe, Martin Bromiley ya kai matarsa Elaine wani asibitin kuɗi a Ingila, suka yi sallama, ya juya da 'ya'yansu biyu ƙanana. Shekarunta 37. Lafiyarta ƙalau, in ban da ciwon hanci da ya daɗe yana damunta, irin wanda kogunan da ke cikin ƙashin fuska kan toshe su riƙa kumbura. Aikin da za a yi mata ƙarami ne, likitocin sun yi irinsa ba adadi. Ba ta sake farkawa ba. Bayan kwana 13, ranar 11 ga Afrilu, rai ya yi halinsa.

Ko wuƙa ba a kai ga sa mata ba. Abin da ya kashe ta ya faru ne tsakanin allurar barci da lokacin da aka haƙura da aikin, minti 35 kacal. Kuma dalilin da ya sa har yau ake karantar da wannan lamari ga likitoci da ma'aikatan jinya a ƙasashe da dama shi ne, in ka shiga ɗakin kana neman baragurbi ba za ka same shi ba. Likitan sa barcin ya shekara 16 yana aikin. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro da zai yi tiyatar ya haura shekara 30. Likitan sa barci na biyu da ya shigo taimako yana da ƙwarewa ta musamman kan hanyar numfashi mai gardama. Kayan aiki ga su nan birjik, wuta ba ta ɗauke ba, babu wanda ya sha wani abu, babu wanda ya yi sakaci irin wanda muka saba jin labari. Gwanaye ne suka taru, kowa na iya bakin ƙoƙarinsa, mace ta mutu a hannunsu.

Abin da ya faru a ɗakin

Sai an ɗan san yadda aikin yake kafin a gane inda gizo ya yi saƙa. In aka yi wa mutum allurar barci ta tiyata, numfashinsa kan yi rauni ko ya tsaya cak, daga nan likitan sa barci ne ke numfasa masa. Yana iya kifa masa roba a fuska ya riƙa matsa jakar iska da hannu. Yana iya zura wata roba ta baki ta zauna a ƙofar maƙogwaro. Yana iya kuma zura bututu har cikin maƙogwaron kansa, wanda shi ya fi aminci. In duk waɗannan sun ƙi, saura dabara ɗaya: a huda wuya ta gaba, ƙasan zakaran wuya, a shigar da iska ta nan. A yatsan mara lafiya akwai 'yar na'ura da ke nuna yawan iskar oksijin a jini. Mai lafiya kan nuna kashi 95 zuwa sama. Ta sauka ƙasa da 90, hankalin kowa ya tashi.

Da ƙarfe 8:35 aka yi wa Elaine allurar. Likitan ya zo zura robar baki, muƙamuƙinta ya ƙi saki. Ya ƙara magani, ya canza girman robar, shiru. Cikin minti biyu na'urar ta nuna 75, jikinta ya fara canza launi. Kafin minti biyar ta sauko 40. An gwada robar fuska da jaka, iskar ba ta shiga yadda ya kamata. Sai ya koma ga bututu, ya ba da maganin sakin jijiyoyi, ya leƙa da fitilarsa, bai ga ƙofar maƙogwaron ba. Aka nemi agaji. Likitan sa barci na biyu ya shigo daga ɗakin da ke kusa, likitan tiyata ma ya matso, ma'aikatan jinya suka taru.

Wajen minti goma da farawa, an shiga halin da kowane likitan sa barci ya san sunansa tun yana ɗalibi: bututu ya ƙi shiga, iska ma ta ƙi shiga. Ƙungiyar likitocin Birtaniya masu nazarin irin wannan matsala ta fitar da ƙa'ida a 2004, shekara guda kafin nan, kuma abin da ta ce a fili yake: in an kai nan, a daina kokawa da baki, a huda wuya. Ga shi kuwa a tsaye a wurin akwai likitan da huda maƙogwaro sana'arsa ce.

Ba a huda ba. Likitoci uku suka duƙufa a kan bakin matar, wannan ya gwada ya ba wancan, a canza fitila, a canza bututu, a sake gwadawa. Wata nas, ba tare da kowa ya aike ta ba, ta fita ta ɗauko tiren kayan huda maƙogwaro, ta shigo ta faɗa cewa ga shi ta kawo. Ko waiwayo babu wanda ya yi. Wata kuma, da ta dubi launin Elaine da lambobin da ke kan na'ura, ta je ta buga waya sashen kulawa ta musamman ta ce a tanadi gado. Ta dawo ta sanar da likitocin. Kallon da suka yi mata, irin na "ke kuma me ya yi zafi?", shi ya sa ta koma ta buga waya ta soke gadon.

Sai wajen minti 25 aka samu wata irin roba ta zauna, iska ta fara shiga, lamba ta hau zuwa 90. Maimakon a tsaya nan, aka sake neman zura bututu ta cikin robar, lambar ta sake gangarowa ƙasa da 50. Da ƙarfe 9:10 suka yanke shawarar a fasa aikin, a bar ta ta farka da kanta. A lokacin ƙwaƙwalwarta ta shafe fiye da minti 20 iskar jininta na kan 40 ko ƙasa da haka.

Akwai kashi na biyu na labarin da ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali shi ma yana da nauyi. An tura ta ɗakin farfaɗowa kamar kowane mara lafiya, likitocin suka koma kan sauran mutanen da ke layin tiyata. Ma'aikatan jinyar da ke ɗakin suna ganin ba ta farkawa, jikinta na fizga, numfashi da bugun zuciya na hawa da sauka. Sun nemi likitan, hannunsa na kan wani mara lafiyar. Sai can wajen ƙarfe 11 aka ɗauke ta zuwa sashen kulawa ta musamman a wani asibitin. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ɓarnar ta riga ta wuce gyara.

Tambayar mijin

Martin Bromiley matuƙin jirgin fasinja ne. Da aka gaya masa abin da ya faru, an ce masa tsautsayi ne da ba a zata ba, kuma likitoci sun yi abin da za su iya. Ya yarda. Sai dai a sana'arsa, ko fiffike ne ya gogi wani abu a ƙasa sai an zauna an bincika, don haka ya ɗauka cewa bincike na nan tafe, ya ce zai jira sakamako. Amsar da ya samu ita ce ba a yin irin wannan bincike sai in ya kai ƙara ko ya shigar da koke. Wannan ya ɗaure masa kai. Shi ba diyya yake nema ba, ba ya kuma son a kori kowa. Abin da yake so a sani shi ne yadda ƙwararru suka yi minti 20 suna kallon lamba 40 ba su canza dabara ba.

Ya nace, asibitin ya amince. Aka ɗauko Farfesa Michael Harmer, shugaban ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya da Ayalan a lokacin, ya bi takardu, ya zauna da ma'aikatan. Rahotonsa ya nuna cewa an ɓata lokaci mai yawa ana neman zura bututu maimakon a mai da hankali kan isar da iska ko ta wace hanya, cewa likitocin sun manta da agogo, kuma bayan an fasa aikin ya kamata a ce an sa ta kan na'urar numfashi an kai ta sashen kulawa ta musamman nan take. Cikin shawarwarinsa akwai a manna ƙa'idar a bangon kowane ɗakin sa barci, a ware mutum ɗaya da zai riƙa duba lokaci yana faɗa da ƙarfi in gaggawa ta taso, a kuma samar da yanayin da kowane ma'aikaci zai iya buɗe baki ya ba da shawara.

A zaman binciken musabbabin mutuwar da ya biyo baya, wasu abubuwa suka ƙara fitowa. Babban likitan sa barcin ya amsa cewa al'amarin ya kuɓuce masa. Likitocin uku ba su ma yi ittifaƙi kan wanda ke jagorancin ɗakin a lokacin ba. Biyu daga cikin ma'aikatan jinyar kuwa sun ce sun san sarai abin da ya kamata a yi, yadda za su faɗa ne ba su sani ba. A nan zuciyar lamarin take. Ilimin da zai ceci Elaine yana cikin ɗakin. Kayan aikin ma an shigo da su an ajiye. Hanyar da magana za ta bi daga bakin ƙarami zuwa kunnen babba ce babu.

Martin ya karanta rahoton, ya ga abin da ya sani. An koya masa wannan labarin tun da daɗewa, sai dai a jirgi ya faru.

Inda matuƙa suka sha tasu wuyar

Ranar 28 ga Disamba, 1978, jirgin kamfanin United mai lamba 173 ya doshi birnin Portland a Amurka da mutum 189. Da aka saki tayoyin sauka aka ji ƙara, fitilar da ke nuna taya ta kulle ba ta kama ba. Kyaftin ɗin, tsohon hannu mai dubban sa'o'i a sama, ya ce a yi ta kewaya gari har a gano matsalar. Suka yi kusan awa guda suna kewayawa. Injiniyan jirgin da mataimakin matuƙi sun ga mai na ƙarewa, sun kuma ambata, amma a kaikaice, irin maganar da ake sakawa a tsakiyar wata maganar. Hankalin kyaftin na kan taya. Injuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya faɗi a wata unguwa, mutum 10 suka rasu, har da injiniyan. Da aka bincika, tayar da ake ta fargaba a kanta a sauke take.

Sa taya a gurbin bututu, sa mai a gurbin oksijin, sa injiniya a gurbin nas. Labari ɗaya ne.

Shekara guda da wata tara kafin nan, ranar 27 ga Maris, 1977, an yi mafi munin haɗarin jirgin sama a tarihi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya. Manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka halaka. Kyaftin na KLM shi ne babban mai horar da matuƙan kamfanin, hotonsa ma ake sawa a talla. Ya taka wuta ba tare da an ba shi izinin tashi ba. Injiniyansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, injiniyan ya ja bakinsa. Akwatin naɗar magana ya adana duk wannan.

Masu harkar jirage ba su tsaya kan cewa waɗannan kyaftin biyu masu taurin kai ne ba. Da sun tsaya nan, da an binne darasin tare da su. Hukumar NASA, mai binciken sararin samaniya ta Amurka, ta kira taro a 1979, kuma a 1981 kamfanin United ya fara horar da ma'aikatansa kan yadda ake aiki tare a gaban jirgi. Abin da ake koyarwa ba tuƙi ba ne, wannan kowa ya iya. Ana koya wa kyaftin ya raba aiki, ya ce wane kai riƙe jirgi, ni zan duba matsala, don kada kowa ya zuba ido wuri ɗaya. Ana koya masa ya tambayi na ƙasa da shi me suka gani. Shi kuma mataimaki ana koya masa tsanin magana: ya fara da tambaya, in ba a ji ba ya yi gargaɗi, in ba a ji ba ya ƙalubalanta kai tsaye da sunan mutum da abin da ya kamata a yi, in har rai na cikin haɗari ya karɓi tuƙin. Duk umarnin da aka bayar, wanda aka ba sai ya maimaita shi da bakinsa. Har kalmar "tashi" an taƙaita ta bayan Tenerife, ba a furta ta a rediyo sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi. Sannan ana maimaita duk wannan a na'urar kwaikwayon jirgi, lokaci bayan lokaci, har ranar da matuƙi zai yi ritaya.

Ƙarƙashin wannan duka akwai wata yarda da likitanci ya daɗe yana ƙin amsawa: ƙwarewa ba ta hana ƙwaƙwalwar ɗan Adam yin abin da ta saba. In tsoro da matsi suka yi yawa, hankali kan tsuke ya koma kan abu ɗaya, kunne ya toshe, minti goma ya zama kamar biyu. Likitocin nan uku ba raina nas ɗin suka yi da gangan ba. Mai yiwuwa ne ma maganarta ba ta shiga kunnensu ba sam. Shi ya sa "ga tire na kawo" bai isa ba. Da an horar da ita kamar mataimakin matuƙi, da ta kira likitan da sunansa, ta ce minti goma ke nan iska na kan 40, bututu ya ƙi, iska ta ƙi, a huda wuya yanzu. Da shi ma an horar da shi kamar kyaftin, da ya ja da baya taku ɗaya ya bar wani yana gwadawa, shi yana kallon agogo da na'ura. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne a mafi yawan lokuta. Amma babban da ya sunkuyar da kai cikin bakin mara lafiya, wanda ke tsaye a bakin ƙofa ya fi shi ganin ɗakin.

Abin da asibiti ya ɗauka, da abin da ya bari

Martin ya saki rahoton ga jama'a bayan an cire sunayen asibitin da ma'aikatan. Dukansu sun koma bakin aiki, kuma haka ya so, don a ganinsa babu wanda zai fi su yaɗa darasin. A 2007 ya kafa ƙungiyar Clinical Human Factors Group, wadda ta haɗa likitoci, ma'aikatan jinya da masana daga harkar jirage da sauran sana'o'i masu haɗari. An yi ɗan gajeren fim na koyarwa kan lamarin, wanda ya zaga makarantun likitanci.

Ba shi kaɗai ke wannan tunani a lokacin ba. A jihar Michigan ta Amurka, Dakta Peter Pronovost na jami'ar Johns Hopkins ya jagoranci wani shiri a sassan kulawa ta musamman 103 don rage cutar da ke shiga jini ta bututun da ake sawa a babbar jijiya. Matakan biyar ne, kuma babu sabo a cikinsu: wanke hannu, rufe jikin likita da na mara lafiya gaba ɗaya, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kauce wa jijiyar matsematsi, cire bututun da zarar an gama da shi. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna cewa cikin wata uku, aƙalla rabin sassan ba su ga ko mutum ɗaya da ya kamu ba. Mutane suka yi ta yaba takardar matakan. Amma wanda ya duba da kyau zai ga abin da ya fi takardar: an ba nas ikon dakatar da likita in ya tsallake mataki, kuma shugabannin asibiti sun tsaya mata.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar duba tiyata mai abubuwa 19, ƙarƙashin jagorancin Dakta Atul Gawande. Ana tsayawa sau uku: kafin allurar barci, kafin a sa wuƙa, da kafin a fitar da mara lafiya. Cikin tambayoyin tsayawar farko akwai ko ana tsammanin hanyar numfashi za ta yi gardama, da ko kayan agaji na kusa. A tsayawa ta biyu kowa zai faɗi sunansa da aikinsa. Wannan na ƙarshen ya fi komai ba manyan likitoci dariya da farko, alhali dabara ce: wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya a ɗaki, buɗewa ta biyu ta fi masa sauƙi. An gwada takardar a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto har Ifakara a karkarar Tanzaniya. Mace-macen bayan tiyata suka sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, matsaloli kuma daga kashi 11 zuwa 7.

Sai lardin Ontario na Kanada ya wajabta takardar ga asibitocinsa. Da aka auna asibitoci 101, sakamakon da ya fito a 2014 ya sanyaya gwiwa: mace-mace daga kashi 0.71 zuwa 0.65, bambancin da masana lissafi suka ce bai kai a dogara da shi ba. Asibitocin kuwa kusan duk sun ba da rahoton cewa suna cika takardar. To, cikawa daban, tsayawa a saurari juna daban. Inda aka haɗa takarda da horo, labarin ya sha bamban. Asibitocin tsofaffin sojojin Amurka sun rufe ɗakunan tiyata na yini guda, suka zaunar da likitan tiyata da na sa barci da nas a aji ɗaya, suka ci gaba da bibiya har shekara. A asibitoci 74 da aka horar, mace-macen tiyata sun ragu da kashi 18 cikin ɗari, a waɗanda ba a kai ga horarwa ba kuma da kashi 7.

Ni a ganina, a nan ne masu son kwatanta asibiti da jirgi suke yawan yin tuntuɓe. Takarda ce ta fi sauƙin arowa, ita ake bugawa a manna a bango a ɗauki hoto. Abubuwa masu tsada su ake bari: horon da ake maimaitawa, dokar da ta ƙayyade sa'o'in aiki don kada gajiyayye ya riƙe rai a hannu, da bincike mai zaman kansa wanda manufarsa hana maimaituwa ce, ba neman wanda za a rataya ba. Dokar binciken haɗarin jirage ta duniya ta faɗi wannan manufa ɓaro-ɓaro. Ingila sai a 2017 ta kafa hukumar binciken haɗurran asibiti a kan wannan tsari, shekara 12 bayan Elaine, kuma wanda aka fara naɗawa ya jagorance ta, Keith Conradi, daga shugabancin hukumar binciken haɗarin jirage aka ɗauko shi.

Kwatancen ma yana da iyaka, kada a yaudari kai. Jirgin da aka ga yana da matsala, ajiye shi ake yi a ƙasa. Mara lafiya kuwa da matsalarsa yake zuwa, ba a cewa a fasa. Jirage ƙira ɗaya halinsu ɗaya, maƙogwaron mutum biyu ba ya zama ɗaya. Matuƙi in ya yi kuskure da shi za a faɗi, kuma duniya za ta gani a labarai. Kuskuren asibiti mutum ɗaya yake ɗauka, a ɗaki rufe, dangi su yi kuka su tafi. Wannan na ƙarshen shi ya sa asibiti ya fi jirgi buƙatar wanda zai tsaya ya ce a bincika.

Mu da aka raina da cewa yaro ba ya gyara wa babba magana a gaban mutane, wannan labari ya kamata ya taɓa mu fiye da Turawan da abin ya faru a ƙasarsu. In nas Baturiya, a ƙasar da ake kiran shugaba da sunansa na yanka, ta kasa cewa likita ya tsaya, ina ga yarinyar da ta gama makarantar jinya bara, tana tsaye gaban wanda ya haife ta a shekaru, wanda sai ta rusuna take ce masa "yallaɓai"? Kunya da girmama na gaba ado ne a zaure, amma a ɗakin tiyata suna iya cin rai. Hausa kuwa ba ta rasa hanyar fita ba, don mu ne muka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai dai karin magana ba zai buɗe bakin ƙarami ba. Babban ne zai buɗe shi, tun kafin a fara aiki, ya ce da bakinsa: duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya kira sunana ya faɗa. Haka nan in an yi rashi mukan ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Amma tawakkali bai taɓa hana ɗaure raƙumi ba, tambayar yadda abu ya faru kuma ba jayayya da ƙaddara ba ce.

Su likitocin sa barci na Birtaniya sun koma sun duba kansu. Wani babban bincike na ƙasa baki ɗaya da suka fitar a 2011 kan matsalolin hanyar numfashi ya sake gano halin nan na nacewa kan bututu da jinkirin huda wuya a lamurra da dama. A 2015 aka sake rubuta ƙa'idar. A cikinta an ƙayyade gwajin bututu: sau uku, sai ƙarin ɗaya in wanda ya fi ƙwarewa ya iso. Daga nan likita zai furta da ƙarfi, kowa ya ji, cewa bututu ya ƙi. In roba ta zauna iska ta fara shiga, ƙa'idar ta sa wurin tsayawa a yi tunani kafin a taɓa komai, daidai gaɓar da aka wuce a kan Elaine a minti na 25. In kuwa iska ta ƙi ta kowace hanya, zai sake furtawa, a miƙo masa abu uku da aka riga aka tanada wuri ɗaya: aska mai lamba 10, siririyar sandar roba mai nuna hanya, da bututu mai faɗin milimita 6. Ana so kowane likitan sa barci ya riƙa gwada wannan yanka a kan mutum-mutumi a kai a kai, tare da ma'aikatan da za su tsaya kusa da shi ranar da abin zai zo da gaske.